Gano yoyon ruwan lagireto a tsohuwar babbar mota

Da farko bari injin ya huce sarai. Buɗe murfin lagireto da zafi yana iya ƙona fuska.

Cika ruwa, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashi, ka bar motar ta kwana. Inda ya jiƙe, daga sama da wurin ake zubar.

Sai ka matsa kowane tiyo da hannu. Wanda ya kumbura ko ya tsage, canza shi tare da kilif ɗinsa, kada ka ɗaure da roba. Duba robar murfin ma, tana da arha amma ana mantawa da ita. Farin busasshen tabo a gindin famfon ruwa na nufin famfon ya gaji.

In babu ɗigo amma ruwa na raguwa, zaro sandar gwada baƙin mai. Ya koma kalar shayi da madara? Galibi gasket ɗin kan inji ne ya lalace, wato shimfiɗar da ke hana ruwa da mai haɗuwa, sai bakanike.