Yadda Ake Walda Ta Daɗe Ba Ta Tsage Ba

An gyara shasin tirela, walda ta yi kyan gani, bayan wata uku direba ya dawo da ita a tsage. Duba wurin da kyau: ba tsakiyar waldar ce ta buɗe ba, gefenta ne, daidai inda narkakken ƙarfe ya haɗu da jikin ƙarfen.

Ga dalili. Wurin walda yakan yi zafin da ya haura digiri 1,500. Yana hucewa sai ya nemi tsukewa, ƙarfen da ke kewaye da shi mai sanyi ya riƙe shi. Wannan ja-in-ja ba ya fita, yana nan a ciki ko mota na ajiye, wani lokaci har ya kai iyakar abin da ƙarfen zai iya ɗauka bai lanƙwashe ba. Sai kowane rami a hanya ya ƙara nasa. Kamar waya ce da kake lanƙwasawa gaba da baya har ta tsinke. Shi ake kira gajiyar ƙarfe.

Fara da shiri. Kankare tsatsa, fenti da mai, ka daidaita ɓangarorin su zauna da kansu. In sai ka matse su da jak ko ka ja su da sarƙa kafin su haɗu, ka riga ka cusa wa aikin matsala tun ba ka kunna inji ba. Ƙarfe mai kauri ko mai tauri, ɗumama shi da wutar gas zuwa digiri 100 ko 150 tukuna. A aikin da zai ɗauki nauyi, sandar walda E7018 ta fi E6013 da muka saba, amma a busasshe, domin danshi na sa walda tsagewa.

Wajen waldar kanta, kada ka zuba ta a dogon layi guda. Ɗiɗɗiga, sannan ka yi gajeru, kana komawa baya, kana sauya ɓangare don zafi ya rarrabu. Ka cike ramin ƙarshen layi. Kuma walda mai tudu ba ita ce mai ƙarfi ba. Yawanta na ƙara ja, tudunta na ƙara kaifin gefe.

Da ka gama, don Allah kar ka watsa mata ruwa. Na san mai kaya na tsaye yana gaggawa, amma ruwan nan yana sa ƙarfe ya yi tauri ya riƙa karyewa kamar tangaran. Rufe wurin da busasshen yashi ya huce a hankali.

Aikin da ya fi muhimmanci, wanda aka fi tsallakewa, shi ne gyaran gefen walda. Ɗauki injin gurza mai ƙaramin kai, ka shafe gefen ya zama gangare mai santsi, ka shiga jikin ƙarfen kamar rabin milimita ƙasa da duk zaizayar da ido ke gani. Layin gurzar ya bi hanyar da nauyi ke ja. Bayan haka bi gefen da guduma mai mulmulallen kai, bugu kusa da bugu. Dukan na danne fatar ƙarfen, tsaga kuwa ba ta iya buɗe baki a inda aka danne. A manyan masana'antu, tukwanen tururi da bututu masu kauri ana gasa su a digiri 600 zuwa 650, awa ɗaya ga kowane milimita 25 na kauri, ja-in-jar ta saki.

In kana da halin ƙara ƙarfen tallafi, ƙara. A walda, rage nauyin da ke hawa da sauka zuwa rabi yakan ninka kwananta kusan sau takwas.

Kada kuma ka raina ƙaramar walda, irin ta maƙala ƙugiya ko fitila a jikin babban ƙarfe. Ranar 27 ga Maris, 1980, dandamalin ma'aikatan haƙar mai mai suna Alexander Kielland ya kife a yankin Norway na Tekun Arewa, mutum 123 suka rasu. Bincike ya gano tsagar ta faro ne daga walda mai milimita 6 da aka maƙala wata na'urar sauraren sauti da ita.

In ka riga ka ga tsaga, kar ka lulluɓe ta da sabuwar walda. Nemo inda ta tsaya, huda ƙaramin rami a nan, gurje tsagar gaba ɗaya har ka iske lafiyayyen ƙarfe, sannan ka cike daga ƙasa.