Yadda za ka shirya takardar hayar shago kafin ka je wurin lauya

Idan ka kama shago a Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal da ke Bauchi, kada ka tsaya kan maganar baka. Samfurin yarjejeniya na intanet yana rage wahala, amma da yawa an rubuta su ne kan dokar Amurka ko Ingila, don haka da farko ka nemi wanda aka tsara don Najeriya.

Sai ka cike shi a natse: cikakken sunanka da na mai shago, lambar shago da layinsa, kuɗin haya, ranar shiga da ranar fita. Idan da sunan kasuwanci za ka karɓa, rubuta shi daidai yadda yake a takardar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni. Wurin da aka fi samun rigima shi ne gyara. Wa zai canza kwanon rufi idan ya fara yoyo da damina? Wa zai biya bashin wutar da tsohon ɗan haya ya bari? Wata nawa za a ba ka kafin a tashe ka? Samfuri ba ya sanin waɗannan, kai za ka ƙara su.

Kada ka sa hannu tukuna. Kai wa lauya takardar da rasit ɗin abin da ka riga ka biya, ku daidaita kuɗin aikinsa tun kafin ya fara, kuma ka duba ya manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya. Daga nan ku sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa.