Kurakuran da aka fi yi wajen tambayar jama'a abin da suke ɓoyewa, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya taɓa ɗaukar takardar tambayoyi ya shiga cikin jama'a ya san cewa akwai tambayar da ake amsawa tun ba a gama karanta ta ba, akwai kuma wadda take sa mutum ya gyara zama, ya waiwayi ƙofa, sannan ya faɗi abin da yake ganin shi ake so a ji. Shan miyagun ƙwayoyi, zubar da ciki, karɓar cin hanci, ƙin biyan haraji, sayar da ƙuri'a da satar amsa a jarrabawa duk suna cikin irin ta biyun. Masana ƙididdiga sun daɗe da fito da dabarun da za su ba mutum damar faɗin gaskiya ba tare da asirinsa ya tonu ba, sai dai mafi yawan ɓarnar da ake yi wajen amfani da su tana faruwa ne saboda mai bincike ya ɗauka lissafi kaɗai ya isa, ya manta cewa dabarar ba ta tsinana komai har sai mai amsa ya fahimce ta, zuciyarsa kuma ta natsu da ita.

Kuskure na farko shi ne dogaro da alkawarin baka. Mai tambaya zai karanta cewa ba wanda zai san amsar da aka bayar, alhali sunan mutumin yana rubuce a saman takardar, shi mai tambayar yana kallon fuskarsa, wataƙila ma mijin matar ko shugaban ma'aikacin yana zaune a gefe. Gyaran wannan ba shi da tsada: a raba takardar suna da takardar amsa a gaban mai amsa, a yi hirar inda babu kunne na uku, idan an zo kan tambayoyi masu nauyi kuma a bar shi ya cike da hannunsa ya jefa cikin akwatin da aka rufe. Wanda bai iya karatu ba ana iya ba shi na'urar da zai saurari tambaya ta abin sawa a kunne ya danna amsa da kansa. Yawan nanata maganar sirri ma yana da illarsa, domin wanda aka ce masa kada ya ji tsoro har sau biyar yakan fara tunanin lalle akwai abin tsoro.

Idan waɗannan ba su isa ba, sai a koma ga dabarar amsa ta hanyar ƙuri'a, wadda masani Stanley Warner ya wallafa a shekarar 1965 a mujallar ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka. Nau'inta mafi sauƙin bayani shi ne wanda ake yi da ɗan ludo mai fuska shida. Ana miƙa wa mai amsa shi a cikin kofi, ya girgiza ya leƙa shi kaɗai. Idan 1 ta fito sai ya ce "eh" ko da bai taɓa aikata abin ba, idan 6 ta fito sai ya ce "a'a" ko da ya aikata, idan kuma 2 zuwa 5 ce sai ya faɗi gaskiya. Mai tambaya da ya ji "eh" ba shi da hanyar sanin ko ikirari ne ko umarnin ɗan ludo, amma idan aka tara amsoshi da yawa ƙiyasin yana fitowa. A ƙaddara an tambayi mutum 1200, aka samu 360 sun ce "eh". Kimanin 200 daga cikinsu lambar 1 ce ta tilasta musu, wasu kimanin 200 kuma lambar 6 ta sa suka ce "a'a", saura 800 da suka faɗi gaskiya, kuma 160 daga cikin waɗannan ne suka amsa da "eh". Ke nan ƙiyasin shi ne kashi 20 cikin ɗari. Wanda ya ɗauki 360 ɗin yadda suke ya rubuta kashi 30 cikin ɗari a rahotonsa ya yi kuskuren da ya fi kowanne sauƙin kaucewa, kuma ana yin sa.

Kuskuren da ya fi wannan muni, a ganina, shi ne tsallake gwaji. Mutumin da bai taɓa satar komai ba, ɗan ludo ya umarce shi da ya ce "eh" ga tambayar sata a gaban baƙo, sau da yawa bakinsa ba ya iya furtawa, sai ya ce "a'a" don kare mutuncinsa. Idan masu yin haka suka yi yawa ƙiyasin yakan faɗi ƙasa da gaskiya, har wani lokaci lissafi ya ba da adadin da bai kai sifiri ba, abin da hankali ba zai ɗauka ba, kuma alama ce ƙarara cewa ba a bi ƙa'idar ba. Maganinsa shi ne a fara da tambayoyi biyu ko uku marasa nauyi, mai tambaya ya fara jefawa da kansa ya nuna yadda shi ma yake cewa "eh" ga abin da bai yi ba, sannan su sauya matsayi har mai amsa ya gani da idonsa cewa amsar ba ta fallasa kowa. Kada kuma mai tambaya ya leƙa kofin ko da wasa, kada a yi jifar a kan na'urar mai bincike, domin duk wanda aka ce ya danna allo ya ga lamba yana da hujjar zargin cewa na'urar ta adana ta.

Akwai kuma farashin da ake mantawa da shi lokacin tsara kasafi. Ruɗanin da aka zuba da gangan don kare mutane yana rage kaifin ƙiyasi. A misalin da ya gabata, kafin a samu daidaiton da tambaya kai tsaye za ta bayar da mutum 400 sai an tambayi kusan ninki uku na wannan adadi. Wanda ya yi aikin da mutum 150, ya kuma kasa su gida-gida bisa jinsi da shekaru, abin da zai samu hayaniyar lambobi ce kawai.

Dabarar ƙidayar jeri ta fi sauƙin yi a fili, domin ba ta buƙatar jifa. Ana raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba rukuni na farko jerin abubuwa huɗu na yau da kullum, a ba na biyu waɗannan huɗun da ƙarin abu mai nauyin, kowa kuma ya faɗi guda nawa ne suka shafe shi ba tare da ya ambaci ko waɗanne ne ba. Idan matsakaicin rukuni na farko 2.1 ne, na biyu kuma 2.4, bambancin yana nuna cewa abu mai nauyin ya shafi kashi 30 cikin ɗari. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen zaɓen abubuwa huɗun. Idan duk abubuwa ne da kusan kowa yake yi, wanda biyar ɗin suka shafa zai ga cewa faɗin "biyar" ikirari ne a fili, sai ya rage ɗaya. Idan kuma duk abubuwa ne da ba kasafai ake yi ba, faɗin "ɗaya" ma ya isa ya jawo zargi. Gyaran shi ne a sa abubuwa biyu masu karo da juna, waɗanda da wuya mutum ɗaya ya amsa su duka ko ya musanta su duka, a kuma tabbata abu mai nauyin ya yi kama da 'yan uwansa a jerin, domin tambayar cin hanci a tsakiyar tambayoyin karatun jarida da motsa jiki tana fitowa fili kamar baƙin tabo a farar riga.

A shekarar 2008 wasu masana uku, Yu da Tian da Tang, suka gabatar da wata dabara inda ake haɗa tambaya mai nauyi da wata marar nauyi wadda an riga an san yawan masu cewa "eh" gare ta, kamar ko an haifi mahaifiyar mutum a watan Janairu ko Fabrairu, mai amsa kuma ya faɗi kawai ko amsoshinsa biyu iri ɗaya ne ko sun bambanta. Masu bincike sun yi na'am da ita saboda takan ba da adadi mafi girma fiye da tambaya kai tsaye, suka ɗauka cewa girman adadi shi ne shaidar gaskiya. Wannan zato ne mai haɗari. A 2017 wasu masu bincike biyu, Höglinger da Diekmann, suka saka tambayoyin da kusan babu wanda ya kamata ya ce "eh" gare su, kamar ko an taɓa yi wa mutum dashen wani sashen jiki, sai dabarar ta nuna musu adadin da ba zai yiwu ba, wataƙila saboda waɗanda suka rikice suna zaɓar amsa da ka. Don haka ya kamata kowane bincike irin wannan ya ƙunshi tambaya ɗaya da aka san amsarta tun farko, ta zama ma'auni. Tambayar watan haihuwa ma ba ta da amfani a inda mutane da yawa ba su san ranar haihuwar iyayensu ba, ko inda aka saba rubuta 1 ga Janairu ga duk wanda ba a san tasa ba.

Sauran kurakuran suna zuwa ne bayan an gama tattara amsoshi. Wasu sukan so su koma kan amsar mutum ɗaya su ce wane ya aikata, abin da ya saɓa wa amana kuma lissafin ma bai ba da damarsa ba. Wasu kuma sukan goge suna su ɗauka an gama, alhali mai bincike Latanya Sweeney ta nuna, da bayanan ƙidayar Amurka ta 1990, cewa lambar yankin gidan waya da jinsi da cikakkiyar ranar haihuwa sun isa a ware kimanin kashi 87 cikin ɗari na mutanen ƙasar ɗaya bayan ɗaya. Kafin a fitar da bayanai, sai a mayar da ranar haihuwa rukunin shekaru, a haɗe ƙananan yankuna, a ɓoye duk gurbin jadawalin da mutanensa ba su taka kara sun karya ba. Hukumar ƙidaya ta Amurka ta wuce nan a ƙidayar 2020, inda ta zuba ruɗani mai ƙayyadadden ma'auni a cikin alƙaluman da ta wallafa, kamar yadda kamfanin Google ya fara amfani da tunanin Warner a 2014 wajen tattara bayanai daga manhajar Chrome. Ga ƙaramin bincike kuwa, abin da ake buƙata shi ne a ajiye takardar da ta haɗa sunaye da lambobin takardun amsa a wani wuri daban a kulle, hannun mutum ɗaya ko biyu kawai ya kai gare ta, a kuma lalata ta da zarar an gama bibiyar da aka tsara tun farko.