Yadda sabuwar ma'aikaciyar jinya za ta auna tayin aikin asibiti kafin ta sa hannu

Wadda ta gama karatun jinya ta karɓi lasisinta, yawanci babu abin da ke ranta sai ta samu aiki ko ta halin ƙaƙa, shi ya sa da zarar asibiti ya kira ta sai ta ɗauka alfarma aka yi mata, ta ga ba ta da bakin yin tambaya. Wannan tunani yana jefa mutane da yawa cikin wahalar da za a iya kauce mata. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa duniya na da giɓin ma'aikatan jinya kimanin miliyan 5.9, kuma ko da yake hakan ba ya nufin gurbi na jiran kowa a ƙofa, yana nuna cewa asibiti ma yana buƙatarki, saboda haka kina da haƙƙin ki auna shi kamar yadda yake auna ki.

Abin da nake so ki riƙe tun daga farko, ke da ɗan'uwanki namiji mai irin wannan sana'a, shi ne aikin farko ci gaban karatu ne. Farfesa Patricia Benner, masaniyar aikin jinya a Amurka, ta bayyana tun a 1984 cewa ma'aikaciyar jinya tana bin matakai biyar kafin ta zama gwana, kuma sai ta yi shekara biyu zuwa uku a kan aiki iri ɗaya kafin ta kai matakin tsakiya, inda take iya tsara aikinta da kanta ta kuma gane abin da ya fi gaggawa. Ke nan wurin da kika yi waɗannan shekaru shi zai gina hannunki da halinki na aiki, kuma da wannan ma'auni ya kamata ki duba kowane tayi.

Mataki na farko: lura da yadda suke ɗaukar ma'aikata

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Yadda asibiti ya bi da ke lokacin da yake neman ki, shi ne mafi kyawun halin da za ki gani daga gare shi. Ki duba ko sanarwar aikin ta faɗi sashen da ake nema wa ma'aikata da irin kwantiragin, ki kuma lura da waɗanda suka zauna yi miki intabiyu. Idan shugabar sashen da za ki yi aiki a ƙarƙashinta tana cikinsu, kuma an yi miki tambayoyi a kan kula da majinyaci, alama ce cewa maganar ma'aikatan jinya tana da daraja a wurin. Idan kuwa jami'in ofis ne kaɗai ya gan ki, ya ce ki fara gobe ba tare da an tantance lasisinki ba, to ki sani haka aka ɗauki waɗanda za ki yi aikin dare tare da su.

Akwai abubuwan da bai kamata ki yi sassauci a kansu ba. Kada ki biya kowa kuɗi don a ba ki gurbi, domin yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1997, ta kafa ƙa'idar cewa kamfanonin samar da aiki ba za su caji ma'aikaci kuɗi ba. Kada ki bar ainihin takardun shaidarki ko fasfonki a hannun mai ɗaukar aiki: ya gani, ya ɗauki kwafi, ya mayar miki. Haka nan duk wanda ya matsa miki cewa sai kin ba da amsa nan take, ya kuma hana ki tafiya da kwantiragin ki karanta, akwai abin da ba ya so ki gani.

Mataki na biyu: tambayi wanda zai koyar da ke

Wannan mataki ne na fi so ki daɗe a kansa, domin shi ne sababbin ma'aikata suka fi mantawa da shi, kuma shi ne ya fi yi musu illa idan babu. Tun a 1974 masaniyar aikin jinya Marlene Kramer ta yi bayanin irin girgizar da sabuwar ma'aikaciyar jinya ke shiga idan ta tarar cewa abin da ke faruwa a ɗakin majinyata ya sha bamban da abin da aka koya mata a aji. Maganin wannan girgiza shi ne horon shiga aiki mai tsari. A Amurka asibitoci da dama suna da shirin da ke riƙe sabuwar ma'aikaciya har tsawon shekara guda, a Birtaniya kuma akan haɗa ta da gogaggiyar ma'aikaciya da za ta lura da ita a watanninta na farko. Sunan shirin ba shi ne abin dubawa ba, domin kowane asibiti zai ce miki yana ba da horo.

Ki nemi a faɗa miki adadin makonnin horon. Ki tambaya ko mutum ɗaya ce za ta riƙa koyar da ke, kuma ko za a daidaita jadawalinku ya zo ɗaya, saboda mai koyarwar da ke aikin safe alhali ke kina aikin dare ba ta da wani amfani a gare ki. Sai kuma tambayar da ta fi tona gaskiya: a lokacin horon, za a lissafa ki cikin adadin ma'aikatan da ke riƙe da majinyata, ko kuwa ƙari ce ke a kansu? Idan tun makon farko an ba ki naki gadajen kamar kowa, to sunan horo kawai aka ba abin. Ki kuma tambayi abin da ake yi idan makonnin sun ƙare amma ba ki ji kin shirya ba, da kuma bayan wata nawa ake barin sabuwar ma'aikaciya ta shugabanci sashe ita kaɗai da dare. Shugabar da ta san aikinta za ta ji daɗin waɗannan tambayoyi, ta amsa su da lambobi. Wadda ta ce miki kada ki damu za ki saba, ita ma ta ba ki amsa.

Mataki na uku: majinyata nawa ne a hannun mutum ɗaya

A 2002 mai binciken harkar jinya Linda Aiken da abokan aikinta sun wallafa binciken da suka yi a asibitoci 168 na jihar Fensilfeniya ta Amurka, inda suka gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa ma'aikaciyar jinya yana tafiya da ƙarin kashi 7 cikin ɗari na yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30, da ƙarin kashi 23 cikin ɗari na yiwuwar ita ma'aikaciyar ta gaji ta sare da aikin. A 2014 an maimaita irin binciken a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, sakamakon ya sake fitowa kashi 7. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta mayar da batun doka, wadda ta fara aiki a 2004, kuma a yanzu ba a ba ma'aikaciya ɗaya fiye da majinyata biyu a sashen masu tsananin ciwo, ko fiye da biyar a ɗakin kwanciya na gama-gari.

Wurare da yawa a duniya ba su kusa da waɗannan lambobi ba, kuma ban kawo su don ki ƙi duk aikin da bai kai su ba. Na kawo su ne don ki san cewa tambayar ta shafi rayukan mutane da lasisinki, domin idan kuskure ya faru sa hannunki za a gani a takardar magani. Ki tambayi adadin da rana, da dare, da ranakun hutu, kowanne daban. Ki tambayi ko akwai likita a cikin asibitin da dare ko sai an kira shi daga gida, da ko akwai mataimaka masu ɗaukar wasu ayyukan. Ki kuma nemi sanin mutum nawa suka bar sashen a shekarar da ta wuce, da mutum nawa suka haura shekara biyar a cikinsa. Sashen da kusan kowa sabo ne ba shi da wanda za ki ruga wurinsa idan numfashin majinyaci ya canza da tsakar dare.

Mataki na huɗu: je ki gani da idonki

Ki roƙi a bar ki ki yi 'yan sa'o'i a sashen kafin ki ba da amsa, kuma in da hali ki zaɓi lokacin miƙa aiki tsakanin masu tashi da masu karɓa. A nan za ki ga ko ana miƙa bayanin majinyata a natse, ko akwai safar hannu da wurin wanke hannu da akwatin zubar da allura, da yadda manya ke amsa wa ƙanana. Idan kin samu wadda ta shekara ɗaya a wurin, ki tambaye ta a keɓe ko za ta sake zaɓar sashen.

Mataki na biyar: lissafa kuɗin tare da sa'o'in

Albashin da aka faɗa miki da baki ba shi ne zai shiga asusunki ba. Ki nemi a rubuta miki tushen albashin daban, alawus-alawus daban, da abin da za a cire na haraji da fansho da inshorar lafiya, sannan ki raba abin da ya rage da ainihin sa'o'in da ake yi a wata. Sau da yawa tayin da ya fi tsoka a takarda yakan koma ƙasa idan aka yi wannan lissafi. Ki tambayi ko ana biyan kuɗin ƙarin lokaci da na aikin dare, ko ana tilasta wa mutum ya zarce idan mai karɓarsa bai zo ba, da kwana nawa a jere ake yin aikin dare. Wani bincike da Ann Rogers ta jagoranta a Amurka, wanda ya fito a 2004, ya nuna cewa yiwuwar yin kuskure tana ninkawa kusan sau uku idan ma'aikaciya ta yi sa'a 12 da rabi ko fiye a tsaye.

Ki yi hattara da kuɗin da ake bayarwa dunƙule don a ja hankalin mutum ya sa hannu. Kusan kullum yana zuwa da sharaɗin zama na wasu shekaru, kuma yawansa kan nuna cewa sashen ya kasa riƙe ma'aikata. Haka ma sharaɗin da ke cewa za ki biya kuɗin horo idan kika tafi da wuri: ki san adadin, ki san ko yana raguwa da tafiyar watanni, ki kuma san ko zai hau kanki idan su ne suka sallame ki.

Mataki na shida: karanta kwantiragin layi-layi

Duk alƙawarin da ba ya cikin takarda, ki ɗauka ba a yi shi ba, domin wadda ta yi miki shi tana iya barin asibitin kafin ki cika wata uku. Ki tabbatar an rubuta sunan sashen, da tsawon lokacin gwaji, da wa'adin sanarwar barin aiki a ɓangarorin biyu, da hutun shekara da na rashin lafiya da na haihuwa. Ki duba ko akwai jimlar da ta ba su damar tura ki kowane sashe a kowane lokaci, saboda tura sabuwar ma'aikaciya sashen da ba a horar da ita a kansa ba haɗari ne gare ta da majinyatan.

Lafiyarki ma tana cikin abin tambaya. Asibitin kirki yana tabbatar da cewa ma'aikatansa sun samu rigakafin ciwon hanta nau'in B, kuma yana da tsarin da ake bi idan allura ta soki mutum, domin maganin kariya daga ƙwayar HIV dole ne a fara shi cikin sa'a 72, kuma gara a fara cikin sa'o'in farko. Ki tambayi inda ake samun sa da dare. Ki tambayi abin da ake yi idan ɗan'uwan majinyaci ya ɗaga wa ma'aikaciya hannu, da yadda ake bi da wadda ta kai rahoton kuskurenta da kanta. Inda ake tozarta mai faɗin gaskiya, mutane ɓoye kuskure suke yi, kuma ba na so ki koyi wannan ɗabi'a a shekararki ta farko.

Idan aikin a wata ƙasa yake, ki ƙara da binciken ko lasisinki zai yi aiki a can, wa zai biya kuɗin jarrabawa da tafiya, da matsayin da za a ajiye ki kafin rajistarki ta fito. Kundin ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010 ya tanadi cewa a ba ma'aikacin lafiya baƙo sharuɗɗan aiki daidai da na 'yan ƙasa. Ki nuna kwantiragin ga ƙungiyar ma'aikatan jinya ko lauya kafin ki sa hannu.

Mataki na bakwai: kwatanta, nemi gyara, ba da amsa a rubuce

Idan tayi biyu ne a hannunki, ki jera su a takarda ɗaya ki fara da horo da yawan majinyata, sannan sa'o'i, sannan kuɗi. A ganina sabuwar ma'aikaciya ta karɓi albashin da ya ɗan gaza a inda za a koyar da ita ya fi mata, matuƙar zai riƙe ta, domin bayan shekara biyu ƙwarewar ce za ta buɗe mata ƙofofin da suka fi. A asibitocin da ke bin tsayayyen tsarin albashi da wuya a ƙara miki kuɗi, amma kina iya neman ƙarin makonnin horo, ko a jinkirta sa ki aikin dare, ko a sauya ranar farawa, kuma irin waɗannan buƙatu akan amince da su fiye da yadda ake zato.

Wata kuma tayi ɗaya ne kawai a gabanta, ga nauyin gida, ga shi bai cika sharuɗɗan nan ba. Ba laifi ta karɓa, amma ta shiga da idonta a buɗe: ta guji sharaɗin da zai ɗaure ta shekaru, ta nemi babbar ma'aikaciya ɗaya da za ta riƙa komawa gare ta, ta kuma riƙa sanar da shugabarta a rubuce duk lokacin da aka ba ta aikin da ya fi ƙarfin horonta. Ko wanne kika zaɓa, ki nemi kwana biyu ko uku na nazari, kada ki janye daga sauran wuraren sai takardar ɗaukar aiki mai sa hannu ta shigo hannunki, sannan ki rubuta wa waɗanda ba ki zaɓa ba gajeriyar wasiƙar godiya, domin wadda ta yi miki intabiyu a can tana iya zama shugabarki a wani asibitin nan gaba.