Mai koyar da sassaben zamani, ka ajiye addarka

Duk shekara, da an fara sharar gonaki, sai in ga sababbin masu horarwa sun fito daga Maradi a kan babur, da allo da takardu, za su koya wa manoma sassaben zamani, wato renon tohon kututturan itatuwa a gona maimakon a tone su. Kurakuransu ba sa canzawa, kuma manyan cikinsu ni ma na tafka su.

Na farko shi ne riƙe adda. Bayanin aikin bai fi minti biyu ba: ka samu kututturen kalgo ko sabara da ya yi toho, ka zaɓi uku zuwa biyar da suka fi ƙarfi da miƙewa, ka cire saura, ka rage rassan ƙasa har rabin tsawonsu. Sauƙin faɗin nan ne ke ruɗin mutum. A wani ƙauye na ƙasar Gidan Rumji na taɓa tara magidanta kusan 40, na sassabe kututture 20 ni kaɗai, ina zufa, suna cewa madalla. Da na koma bayan girbi sai jikina ya yi sanyi. Gatarinsu ba kaifi, kuma daga sama suke saro reshe, ya ɓalle ya tafi da ɓawo har gindi. Tohon ya bushe, gara ta shiga. Wani dattijo ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, kai ka yi aiki, mu kallo muka yi." Shekarar da ta biyo ya tone kututturan gonarsa ya cinna musu wuta, kuma sai da na yi damina uku kafin garin ya sake saurarata.

Gani ya kori ji, gaskiya ne, amma wannan aiki hannu ne ke koyonsa. Yanzu kututture ɗaya tak nake taɓawa, in mayar da addata cikin buhu. Kowa da nasa ƙarfen zai yi, wanda zai koma da shi gona, kuma da wasa kaifi muke farawa. Sara daga ƙasan reshe yake tashi zuwa sama, sai mutum ya yi sau goma kafin hannunsa ya saba. In na ga ya bar toho mai karkata ba na fizge addar. Nakan ce, "Baba, me ka gani a wannan?" Sau da yawa yana da dalili: can iska ke bugowa, ko nan ne hanyar garma.

Na biyu kuɗin zama, kuma shi ya fi ɓata min rai. Wai sai an raba jikka biyu-biyu kafin a taru a gona! Ba a kanku farau ba, sai dai kun ƙi tambaya. A nan ƙasar Maradi Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, ya fara wannan aiki a 1983. Da yunwar 1984 ta zo aka haɗa shi da rabon abinci, mutane suka bar itatuwa don su samu hatsi, rabon na ƙarewa mafi yawa suka sare abinsu. Waɗanda suka bari, su ne suka ga gero bai ragu ba, ga itacen girki kusa da gida, ga iska ta daina binne shuka da rairayi. Daga bakinsu abin ya bazu, manomi na koya wa maƙwabcinsa, har ya kai kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Ni ma na taɓa raba kuɗin zama, na cika takarda da sunaye, ban samu gona biyar da aka ci gaba da aikin ba. Yau shayi da goro kawai nake kaiwa. Mutum shida in sun zo don kansu sun ishe ni, duk da abokan aiki da yawa ba su yarda da ni a nan ba.

Sauran ƙanana ne. Kada ka tara fiye da mutum biyar a kan kututture ɗaya. Kada ka gyara wa dattijo kuskure a gaban ƴaƴansa, ja shi gefe. Takardar Faransanci bar ta a ofis. Kuma ka je gonar talaka da ta gaji, ba ta mai gari da ta sha taki ba.

Mata fa? Su ke neman itace, Fulani ke ratsawa da dabbobi bayan girbi, amma ba ka kira ko ɗaya ba, sannan ka dawo kana kukan an sare maka toho. Ka ba su addar su ma, su san wanda ake cirewa da wanda ake bari. In ka samu gawo a gonar, bar manomin ya faɗa maka da bakinsa yadda yake zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa.

Bayan wata biyu ko uku ka koma, domin sabon toho zai fito a gindin, kuma sara na biyun nan ma manomin ne zai yi, kana tsaye.