Yadda ake gwada na'urar da ke hana tankin fetur tumbatsa

Na'urar tsaro a ma'ajiyar mai tana iya shekara ba ta motsa ba, don haka in ta lalace ba mai sani sai ranar da aka buƙace ta. Shi ya sa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta tsaron masana'antu, IEC 61511, ta wajabta gwada ta lokaci-lokaci.

Da farko a ɗauko takardar da ta fayyace aikinta: tsayin da mai zai kai kafin ta tashi, daƙiƙa nawa bawul ɗin da ke tsayar da shigar mai zai ɗauka ya rufe, da matakin SIL da aka ɗora mata, wato ma'aunin yadda za ta rage haɗari. SIL 1 na rage haɗari sau 10 zuwa 100, SIL 2 kuwa sau 100 zuwa 1,000. Daga wannan lissafi tazarar gwaji take fitowa, saboda haka ba a ɗage ranar don aiki ya yi yawa.

Sai a karɓi izinin aiki, a sanar da ɗakin kula, a tsayar da shigar mai cikin tankin.

Kafin kowa ya goge ko ya ɗaure wani abu, a gwada ta yadda aka same ta. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai. In aka gyara kafin a gwada, an ɓoye ainihin halin da ta kwana a ciki wata da watanni. A tayar da makunnin da ke jin tsayin mai, a ga saƙo ya isa kwamfutar tsaro, jiniya ta yi ƙara, sannan mutum ya tsaya a gaban bawul da agogo ya ga rufewarsa da idonsa. Fitila a allo ba hujja ba ce, domin bawul ya kan cije a rabin hanya. A kuma tabbatar makunnin bai dogara da gejin da ake dubawa kullum ba. In wayarsu ɗaya, faɗuwarsu ma ɗaya.

Mataki na gaba shi aka fi sakaci da shi: mayar da komai mazauninsa. A ma'ajiyar mai ta Buncefield a Ingila, ranar 11 ga Disamba 2005, gejin tanki mai lamba 912 ya maƙale, makunnin da ya kamata ya tsayar da mai shi ma bai tashi ba, saboda hannun gwajinsa yana buƙatar kwaɗo da zai riƙe shi a wurin aiki, kuma ba a saka ba. Fetur ya tumbatsa, tururinsa ya kama wuta, mutane sama da 40 suka jikkata. Don haka a cire duk tsallaken da aka yi wa na'urar lokacin gwaji, wato duk abin da aka saka don hana wani sashenta aiki, a kulle abin kullewa, mutum na biyu ya bi baya ya duba.

A rubuta halin da aka same ta, da wanda aka bar ta, da lokacin rufewar bawul. In ta gaza, ba a sake cika tankin sai an gano dalili.