Mai walda da aka sa ma pil a zuciya: abin da zai kiyaye kafin ya koma atiliye

Kawuna ya daɗe yana walda a wajen Katako nan Yamai, ƙofofi, tagogi, gadajen ƙarfe, duk shi ne. Bara aka sa mishi pil a zuciya, wannan ƴar na'urar da ake dasawa ƙarƙashin fata a saman ƙirji, galibi gefen hagu, da ƴan wayoyi da suka shiga har cikin zuciya. Da ya ɗan warware ya ce shi hwa zai koma aiki, iyali suna jira. Ban ga laifinshi ba, amma hankalina bai kwanta ba sai da muka koma wajen lokotoron zuciya muka zauna, to abin da na fahimta ne nake so in faɗa ma ƴan uwa masu sana'ar.

Pil ɗin nan sauraren zuciya take yi, in ta ji bugu ya yi jinkiri sai ta tura ɗan kuran ta tashe ta. To kuran mai ƙarfi da ke bi ta cikin kabul na walda yana yin wani maganaɗisu kewaye da shi wanda ido bai gani, pil ɗin sai ta ɗauka bugun zuciya ne take ji, ta ce ai komai lahiya, ta tsaya ba ta tura komai ba. Mutumin da zuciyarshi ta dogara da ita sai jiri ya ɗebe shi ko ma ya some, ga ƙarfe ja a gabanshi. Wanda kuma aka sa ma irin wadda ke buga shokin, defibirilatar, tana iya zaton zuciyar ta rikice ta buga mishi shokin ba dalili. Galibi da ka saki aikin ka matsa nesa na'urar tana komawa daidai, amma ƴan daƙiƙun nan sun isa a yi ɓarna.

Don haka farko dai kar ka taɓa injin sai ka je likita ka faɗa ma lokotoro gaskiya cewa sana'arka walda ce, ka tafi da katin na'urar. Shi ya san ko zuciyarka tana iya bugawa da kanta ko kuwa pil ce ke riƙe da ita gaba ɗaya. In ya ce a'a, to a'a ce, ka zama patiro mai auna ƙarfe da karɓar kwangila, yara su riƙe bagget, wato sandar da ake walda da ita. Waldar gas ba ta da wannan matsalar tunda wuta ce ba kuran ba.

In kuma ya yarda, kamfanonin da ke ƙera na'urar kamar Medtronic sun ce kar ƙarfin kuran na injin ya wuce ampa 160. Bagget mai kaurin milimita 2,5 da 3,2 yawanci ba su kai nan ba, amma ta 4 zuwa sama tana iya wucewa, a bar ma wani. Tsakanin ƙirjinka da inda wuta ke tashi a samu santimita 60, wato ka miƙa hannu, banda dukawa kan aiki kamar za ka sumbace shi. Injin kanshi a aje shi nesa kamar mita 1,5.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗabi'ar nan ta rataya kabul a kafaɗa. Kusan kowane mai walda yana yi don ya rage nauyi a hannu, kawu ma haka ya saba, kuma fa kabul ɗin daidai kan pil yake kwanciya. Wallahi wannan a daina shi kwata-kwata, banda naɗe shi a hannu ko a ƙugu. A murɗe kabul biyun, na bagget da na mas (wanda ake maƙalawa jikin ƙarfen aiki), tare kamar igiya, a bar su gefe ɗaya nesa da jiki, kar ka tsaya tsakaninsu. Mas kuma a maƙala shi kusa da inda ake waldar, ba can ƙarshen tebur ba.

Wurin ya zama busasshe, safar hannu busassa, takalmi rufaffe mai ƙasan roba ba silifas ba. Da zafin Afrilu da Mayu zufa kaɗai tana jiƙa safa, a samu ta canji, da damina kuma in ƙasa ta jiƙe a haƙura. In bagget ta ƙi kamawa saboda tsatsa kar ka yi ta caccaka da sauri, ka goge ƙarfen, ka jira ƴan daƙiƙu tsakanin gwaji da gwaji. Mayen ƙarfen da ake riƙe kusurwa da shi kar ya shiga aljihun gaban riga.

Kuma kar ka yi aiki kai kaɗai. Mun zaunar da babban yaron kawu mun gaya mishi, in maigida ya ce jiri, ko zuciya na faɗuwa, ko ya ji shokin, a kashe injin nan take a janye shi nesa a zaunar da shi, ranar nan sai likita ko da ya ce ya warware. In ya faɗi bai numfashi a cire kuran tukuna kafin a taɓa shi, a kira 15, lambar taimakon gaggawa, a fara danna ƙirji, pil ba ta hana wannan.